Darasi Mai Lamba Ɗari da Biyu

Da sunan Allah nake farawa. Shi ya san abin da na riƙe daidai da abin da tsufa ya gauraya mini.

A shekarun da zan ba da labari garinmu bai zama Suleja ba tukuna, yana nan da tsohon sunansa, wanda daga baya aka ɗauka aka ba sabon birni. Gidanmu yana unguwar Magajiya. A zaure nake ɗinki da keke, Baba kuma yana gefe a kan buzunsa, yana ba magidanta karatun fiƙihu bayan la'asar. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Mu biyu muka rage masa, ni da ƙanena, wanda kowa ke kira Auta har bayan ya yi gemu. Ni allo na yi, na sauke, na shiga littattafai a gaban Baba, kuma har yau hannuna ya fi sakewa da ajami. Shi Auta boko aka kai shi. Ya yi ta hayewa har ya sami gurbi a wata jami'a can kudu, inda sai an kwana a hanya kafin a kai.

Akwai ɗaki a jikin zaurenmu mai ƙofa ta waje. Wani malamin firamare ke haya a ciki, Kirista, mutumin kudu, ya zo garin bayan yaƙi. Tica muke ce masa. Yana jin Hausa sosai, sai dai da mace da namiji duk "ya" yake ce musu. Da yamma yakan jawo kujerarsa bakin zaure, shi da Baba su yi ta tsokanar juna. Baba yana kiransa malamin alli, shi kuma yana ce wa Baba malamin tawada.

Da Auta ya zo dogon hutu bayan shekararsa ta farko, Baba ya yi masa tambayar da ake yi wa kowane ɗalibi a wurinmu: ina ka kai? Mu in an tambaye ka haka, izu za ka faɗa, ko babin littafi. Auta ya ce ya gama ɗari, zai shiga ɗari biyu. Baba ya tambaya ko littafi ɗari ya karance a shekara guda, ya ce in haka ne ba karatu ya yi ba, leƙe ya yi. Tica ya yi dariya har ya ƙware.

Auta ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana lambar wani darasinsa: ɗaya, da'ira, biyu. Baba ya duƙa ya duba, ya ce ɗari da hamsin da biyu. A lissafin da muka koya da'ira biyar ce, sifiri ɗigo ne kawai.

Tica ya ce, "Baba, wannan ƙwai ne. Babu komai a ciki."

Baba ya ce, "Mutanen da ke zana babu da girma haka, sai an yi hattara da su."

Daga nan Auta ya yi bayani, Tica yana sa baki ko an neme shi ko ba a neme shi ba. A jami'ar, kowane darasi, wanda suke kira kwas, yana da lamba mai adadi uku. Na farko yana nuna shekarar karatu: ɗaya na sababbin shiga, huɗu na masu fita. Na tsakiya yana nuna reshen fannin. Na ƙarshe kuma yana nuna ko a rabin shekara na farko ake yin darasin ko a na biyu, gwargwadon ko adadin yana rabuwa biyu daidai ko ba ya rabuwa. Baba ya ce wutiri da shafa'i ke nan, a ci gaba. Auta ya ce darussan kuma iri-iri ne. Wasu dole ne a kan duk wanda ya shiga jami'ar, ko likita zai zama ko alƙali. Wasu dole ne a kan 'yan sashe ɗaya kaɗai. Wasu zaɓi ne, ka ɗauka ko ka bari. Akwai kuma wanda ba a bari ka shiga sai ka ci wani da ke gabaninsa.

Na ga fuskar Baba ta saki. Ya ce na farko kamar salla ne, tana kan kowa. Na biyu kamar zakka, tana kan mai hali. Na uku nafila. Na huɗun kuwa sharaɗi ne, kamar alwala kafin salla. Ya dubi Tica ya ce ashe su ma suna da tartibi, da ya ɗauka tarkace ne kawai ake zuba wa yara. Tica ya ce in Baba ya ci gaba a haka shekara mai zuwa za a ɗauke shi koyarwa a can, a ba shi kwat da lakatayi. Tun ranar Baba ya riƙa tambayar Auta lambobin darussansa, ni kuma ina rubuta masa su da namu adadin a gefen allo, yana dubawa yana gyaɗa kai.

Sai da Tica ya tashi Auta ya faɗi abin da ke damunsa. Wannan ɗari da biyu da ya zana a ƙasa, darasin Turanci ne na dole a kan kowa, kuma bai yi shi ba. An sa shi ranar Juma'a, daidai lokacin salla. Masallacin Juma'a yana cikin gari, a unguwar Hausawa, sai an shiga mota. Ya je salla ya bar darasin, mako bayan mako, har jarrabawa ta zo ba sunansa.

Baba ya sa masa albarka a kan sallar. Sannan ya shiga jan carbi, kamar yadda yake yi in an kawo masa mas'ala. Ya tambaya ko a wannan fannin na Turanci akwai wani darasi sama da shi. Auta ya ce akwai ɗari uku da biyu, na 'yan shekara ta uku, zaɓi ne, kuma ya fi wuya nesa ba kusa ba. Baba ya ce to an gama. Wanda ya yi wankan farilla ba a ce masa ya sake alwala, wanka ya ɗauke ta. Wanda ya biya ɗari uku da biyu ai ɗari da biyu tana ciki. In ya kai shekara ta uku ya ɗauki babban, ya ci shi da kyau, ba mai hankalin da zai tambaye shi ƙaramin.

Ni na ga maganar ta zauna daram. Auta ma ya gamsu. Ya ce wani abokinsa ya taɓa faɗa masa irin wannan akan yafe ga wanda ya yi ƙoƙari a gaba. Ba wanda ya yi tunanin ƙwanƙwasa ƙofar Tica.

Shekaru suka wuce. Aka yi shelar za a kawo babban birnin ƙasa kusa da mu, masu awon ƙasa suka cika gari da motoci, baƙi suka soma neman ɗakin haya har wajen Kwamba, inda da gonaki ne. Auta ya shiga ɗari uku, ya ɗauki babban darasin, ya ci shi da kyau kamar yadda aka umarce shi. Yana cikin ɗari huɗu Baba ya faɗi a bakin rijiya yana shirin alwala. Da aka ɗaga shi ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Abin da zan iya faɗa a kan wannan lokacin kaɗan ne, domin kwanakin duk iri ɗaya ne. Da safe in juya shi, in wanke shi, in canza shimfiɗa. Mai ɗakina ta dama kunu, in ba shi da cokali, rabi ya shiga rabi ya zubo ta gefen baki, in goge. In kama hannunsa na hagu in buga a kan dutse ya yi taimama, ya yi salla a kwance da nuni. In koma keke in taka har ya yi gyaran murya, in tashi. Masu zuwa karatu suka riƙa zuwa gaisuwa, daga baya suka ragu. Mutane suna ce mini sannu da haƙuri, ina amsawa. Gaskiya ban ji ina haƙuri ba. Ban ji komai ba. Ina cin abinci ba na sanin ko da gishiri, ina karatu bakina yana tafiya shi kaɗai. Na taɓa ɗinke wa wani mutum aljihu ta ciki da waje, sai da ya sa hannu bai shiga ba muka gane.

Maganar Baba ta karye, amma hankalinsa yana nan. Ni kaɗai nake gane abin da yake faɗa, saboda haka na zama bakinsa. Abu ɗaya yake yawan tambaya, shi ne saura wata nawa Auta ya fito.

Auta ya dawo farkon damina, da akwatinsa da katifarsa a naɗe. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya daɗe yana kallon hannun da ya shanye. Bai yi maganar karatu ba ranar, Baba ma bai tambaya ba. Washegari da hantsi ya same ni a kan keke.

Ya ce, "Yaya, sunana bai fito ba."

Na ɗaga ƙafa daga keken. Ya ce duk darussan ɗari huɗu ya ci su, har yana cikin na gaba-gaba. Amma da aka zo tantance masu fita aka ga gurbin ɗari da biyu a buɗe. Ya nuna musu ɗari uku da biyu, suka ce wannan daban, wancan daban. Ya bi ofis-ofis, kowa ya ba shi haƙuri. Abin da suka ce shi ne ya dawo shekara mai kamawa, ya yi rajista tun farkonta, ya jira rabi na biyu, ya zauna da sababbin shiga ya yi darasin. In bai dawo a wannan shekarar ba za a soke sunansa, shekaru huɗun su tafi.

Ya ce ba zai koma ba. Masu aikin sabon birni suna ɗaukar duk wanda ya iya Turanci da lissafi, ko ba digiri. Zai zauna ya karɓe ni jinya. Ya roƙe ni kada Baba ya ji dalili, a ce masa takardar ce ba ta iso ba.

Na ce masa ban taɓa juya wa Baba magana ba, kuma duk abin da ya shiga kunnensa yanzu ta bakina yake bi. Ban faɗa da zafi ba. Na mayar da ƙafa kan keke na ƙarasa wuyan rigar da ke hannuna.

Da la'asar muka ɗauko Baba muka jingina shi a zaure kamar yadda muka saba. Na kira Tica, na ce ya zauna, akwai abin da zai fi mu iya fassarawa. Auta ya faɗi komai, kansa a ƙasa. Tica ya dafe kai ya yi wata magana da harshensu. Sannan ya matso kusa da buzun.

Ya ce, "Baba, lambar nan ba awo ba ne, suna ne. Kamar lambar mota. Motar da aka rubuta wa ɗari uku, ba a ce motar ɗari ɗaya yana cikinsa. Me ya sa ba ku tambaye ni ba? Ga ni nan, bango ɗaya."

Ruwa ya soma yayyafi, mai ɗakina tana kwashe shanya a cikin gida. Da Baba ya buɗe baki na sunkuya na saurara, na riƙa maimaitawa kamar yadda na ji. Ya ce shi ya yi ƙiyasi a inda ba a ƙiyasi, kuma ya yi fatawa a fannin da bai karanta ba, Allah ya yafe masa. Ya ce wannan ba wanka da alwala ba ne. Salla ce ta kuɓuce, kuma wanda Azahar ta kuɓuce masa ba ya cewa ai ya yi Isha'i mai yawa. Ramawa ake yi.

Auta ya ce ba zai iya barinsa a haka ba, saboda darasi ɗaya, awa biyu a mako, tare da yara.

Baba ya yi magana, na ce, "Ya ce ramuwa ba ta da ƙarami. Ka koma."

Auta ya ce to Juma'ar fa, ai tana nan inda take.

Na sake sunkuyawa. Wannan karon sai da na sa ya maimaita.

"Ya ce ka tambayi masu makarantar. Wancan karon shi ka tambaya."

Tica ya so ya yi dariya, ya fasa. Ya ce wa Baba malamin tawada ya ci wannan, ya tashi ya shiga ɗakinsa.

Auta ya yi sauran hutun yana jinya tare da ni. Ya fi ni iya aske wa Baba, hannunsa ya fi taushi. Da lokaci ya yi na raka shi mararrabar Diko, inda ake samun manyan motocin kudu. Muka zauna ƙarƙashin rumfar wata Bagwariya mai gasa doya har mota ta cika. Bai ɗauki akwatin ba wannan karon, jaka kawai.

Da na dawo Baba ya sa na rufe ƙofa. Ya ce in ajalinsa ya zo Auta yana can, kada a buga masa wayar tangaraho, kada a ba direba saƙo, har sai ya rubuta jarrabawar. Ya sa na kira Tica ya ji, domin shi ne mai zuwa gidan waya. Tica ya ce wannan nauyi ya yi yawa, a wurinsu ba a yin haka. Baba ya ce a wurinmu ma ba a yi, shi ya sa yake neman shaida.

Ya rasu cikin bazara, ranar wata Talata da hantsi, ina ba shi ruwa. Na rufe masa ido, na ɗaure haɓarsa, na fita na faɗa wa liman. Kafin la'asar an kai shi. Mutane sun taru ƙwarai, har waɗanda suka daina zuwa gaisuwa. Ni na shiga kabarin na karɓe shi. Ina jin nauyinsa a hannuna, bai kai na buhun gero rabi ba, kuma abin da nake tunani a lokacin shi ne ban rufe kan keke ba, ƙura za ta shiga. Aka yi zaman makoki, aka yi sadaka, aka watse. Dangi suna tambaya ina Auta, ina ce musu wasiyya ce. Wasu suka ga bai dace ba, suka faɗa. Na saurare su. Da safe nakan tashi in nufi ɗakin don in juya shi, sai na kai ƙofa in tuna, in wuce zaure.

Tica ya zo mini sau da yawa da 'yar takardar waya a hannu, ya ce kalma uku kawai zai rubuta. In girgiza kai, ya mayar aljihu.

Auta ya dawo bayan ruwa ya sauka sosai. Ban san ranar zuwansa ba. Ina taka keke na ga inuwa a ƙofar zaure. Ya tsaya yana kallon wurin da buzun yake, na riga na naɗe shi na rataye. Ya ce a Diko ya ji. Yana saukowa daga mota wani mai goro da ya san mu ya kama hannunsa ya ce masa ya haƙuri, Allah ya ji ƙan Malam. Ya ce ya amsa da amin kafin ya gane abin da aka faɗa masa.

Na gaya masa ranar, da yadda aka yi, da wasiyyar. Ya saurara a tsaye. Bai yi kuka ba, bai kuma tambaye ni me ya sa ba. Ya ajiye jakar ya ce mu je.

A hanya na tambaye shi jarrabawar. Ya ce ya ci, sunansa ya fito. Na tambaye shi Juma'a. Ya ce da ya je ya tambaya, sai magatakardan sashen ya nuna masa cewa darasin rukuni biyu ne, saboda yawan masu yinsa. Akwai harafi ɗaya da ake sawa bayan lambar. Mai harafin farko ranar Juma'a, mai na biyu ranar Litinin da safe. Haka yake tun shekararsa ta farko. Ya ga harafin a lokacin, ya ɗauka alamar ɗaki ce.

Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ya ce amin.

Maƙabartar ta cika da ciyawa. Na san sashen, kusa da wata bishiyar ɗorawa, na kuma tuna na kafa reshe a wajen kai tare da fasasshiyar tukunya. Amma an binne wasu bayansa a jere, ruwa ya kwantar da tudun duka, reshen ya tafi, tukwane kuma kowane kabari da irinsa. Na zagaya, na dawo, na auna daga gindin ɗorawar da ido. Ya rage tsakanin biyu, ban iya yankewa ba.

Na ce masa, "Ɗaya daga cikin waɗannan ne."

Ya dubi na dama, ya dubi na hagu. Ya cire takalmi, ya shiga tsakaninsu ya tsuguna, ni ma na tsuguna a bayansa. Muka yi wa duka biyun addu'a. Da muka shafa ya tsaya cire ciyawar da ke kan na hagu, ya gama ya koma na dama. Na jira shi har ya ƙare, sannan muka kama hanyar gida, domin akwai mai zuwa karɓar riga kafin magariba.